Kuri'ar Taliya Da Kujerar Kansila

Yau magana ce a kan zaɓen da muka fi rainawa, wato zaɓen ciyaman da kansila da ɗan majalisar jiha. In ana zaɓen shugaban ƙasa ko gwamna, gari ya ɗauka, har kishiya da kishiya sai su yi musu a tsakar gida. Amma ki tambayi mace goma sunan kansilan mazaɓarsu, wallahi da ƙyar ki sami biyu da suka sani. Alhali wannan kujerar ita ce ta fi kusa da ƙofar ɗakinki.

Ki duba abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kwashe bola, gyaran kwatami da 'yan hanyoyin unguwa, kula da kasuwa da tasha da maƙabarta, rajistar haihuwa da aure, sannan da hannunta a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. To wa ke shan wahalar waɗannan in sun lalace? In kwata ta toshe da damina, ɗakin wa ruwa yake shiga? In sauro ya yi yawa, wa ke kwana zaune da yaro yana zazzaɓi? In aka je awo babu magani babu ma'aikaciya, cikin wa ne? Namu ne, 'yar'uwa. Maigida ya fita tun safe, ke ce a gida da warin.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, mazaɓu 484, da kujerun majalisar jiha 40. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2018, jam'iyyar APC mai mulkin jihar a lokacin ta cinye ciyaman 44 duka. A 2021 ta sake cinyewa, har da kansila 484. A 2024 kuma NNPP ce ke da gwamna, ita ma ta kwashe 44 da 484, ko ɗaya ba ta bari ba. Haba jama'a! Ko a gidan biki ba a taɓa samun mata ɗari huɗu sun yaba miya ɗaya ba. Hukumar zaɓen jiha ce ke shirya wannan zaɓe, gwamna kuma shi ke naɗa shugabanninta. Shi ya sa ciyaman yake jin tsoron gidan gwamnati fiye da yadda yake jin kunyarki, don ya san inda kujerarsa ta fito.

Amma kada mu ɗora laifin duka a kan masu mulki, mu ma da namu. Ana jibi zaɓe sai ki ga an shigo layi da taliya da sabulu da turmin atamfa, an tara mata gidan shugabar mata, ana guɗa ana rabo. Taliyar nan dare ɗaya za ta yi a tukunya, shi kuwa ya tafi da shekarunsa a kujera. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da kika je ofishinsa da kukan famfon unguwa, da wane baki za ki yi magana, bayan shi a ganinsa ya riga ya biya ki?

Abin takaici ma, wannan kuri'a ba a banza muka same ta ba. Matan kudu sun yi zaɓe a 1959, mu matan Arewa aka hana mu. Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU sun yi ta fafutuka, Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Sai a 1976 aka bar matan Arewa suka jefa kuri'a, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi aka fara. Kin ga ashe ƙofar da muka fara shiga ita ce yanzu muka bar wa masu taliya. A zaɓen 2023 kujeru 40 ɗin nan na majalisar Kano babu mace ko ɗaya da ta samu, duk da yadda muke cika layi tun asuba da goyo a baya.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓe. Hukunci ne mai kyau, amma takarda ba ta kwashe bola. Sai an sami masu tambaya.

Don haka ki san sunan kansilanki da gidansu, ai ɗan unguwa ne, wataƙila ma kun yi Islamiyya da ƙanwarsa. Ku matan layi, yadda kuke haɗuwa don adashe, ku haɗu ku rubuta buƙatu uku, ku kai masa da izinin mazajenku, bayan wata uku ku koma ku ji inda aka kwana. In ya zo neman tazarce, takardar nan za ku fara ɗauko masa kafin ya buɗe buhu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, Ya raba mu da kwaɗayin da zai ja mana wulaƙanci, amin. Wassalam.