Fatawar Dublin kan Sayen Gida da Bashin Ruwa: Nazarin Hujjojinta da Iyakokinta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin fatawar da Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta fitar a 1999, wadda ta halatta wa Musulmin ƙasashen Yamma sayen gidan zama da bashin banki mai ruwa. An auna hujjoji biyun da fatawar ta dogara da su, aka nuna cewa ta fahimci halin da mutane ke ciki, amma hujjojin nata ba su kai ƙarfin hukuncin da aka ɗora musu ba. An kuma nuna cewa rangwame ne mai sharaɗi, ba ya ƙetare wurinsa da lokacinsa.

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Duk inda aka ce riba a wannan rubutu, ana nufin kuɗin ruwa da shari'a ta haramta, ba ribar ciniki ba.

A Turai da Amurka, mafi yawan masu sayen gida ba sa biya lakadan. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami, banki ya ranta masa ragowar, a jinginar da gidan ga bankin, shi kuma ya riƙa biya wata-wata har shekara 25 ko 30. Jinginar kanta ba ta da aibi. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ambace ta, kuma ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya yi wafati sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa bashi. Matsalar ita ce ƙarin da aka shardanta a kan bashin. Idan mutum ya ranci fam 200,000 a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari na tsawon shekara 25, zai riƙa biyan kimanin fam 1,169 duk wata. A watan farko, kusan fam 833 daga ciki ruwa ne zalla, fam 336 kacal ke rage uwar kuɗi. Kafin ya gama, ya biya sama da fam 350,000. Wannan ita ce ribar jinkiri da babu saɓani a kan haramcinta.

Abin da fatawar ta ƙunsa

A zamanta na huɗu a birnin Dublin na ƙasar Ailan, cikin Rajab 1420 (Oktoba 1999), ƙarƙashin jagorancin Shaihi Yusuf al-Ƙardawi, Allah Ya yi masa rahama, Majalisar ta fara da jaddada cewa riba haramun ce, kuma ruwan banki riba ne. Ta yi kira ga Musulmin Turai da su nemi mafita ta halal, su kafa kamfanonin gine-gine, su kuma tattauna da bankuna don a sauya tsarin kwangilar. Sannan, da rinjayen membobinta, ta ce idan babu wannan mafita a halin yanzu, ba laifi Musulmi ya sayi gida da bashin ruwa bisa sharuɗɗa: ya kasance gidan zamansa ne da iyalinsa, ba shi da wani gidan da zai wadatar da shi, kuma ba shi da rarar dukiyar da zai saya ta wata hanya.

Hujjojinta biyu ne. Ta farko ita ce ƙa'idar da ke cewa buƙata tana sauka a matsayin larura. Ta biyu kuma ita ce mazhabar Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ibn al-Hasan al-Shaibani, wadda ta halatta wa Musulmi mu'amala da gurɓatattun kwangiloli, har da riba, tare da wanda ba Musulmi ba a darul harbi. Ƙardawi ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa Fi Fiƙhil Aƙalliyyatil Muslima, inda ya bayyana cewa ya shafe shekaru yana ganin haramci kafin ya sauya ra'ayi.

Inda fatawar ta dace

Adalci ya wajabta a fara da abin yabo. Majalisar ba ta bi tafarkin masu cewa ruwan banki ba riba ba ne. Ta kira haram da sunansa, sannan ta nemi uzuri ga wanda ya takura. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai tazara mai nisa, domin wanda ya san rangwame yake amfani da shi yana iya komawa ga asali ranar da uzurinsa ya kau, amma wanda aka ce masa abin halal ne tun asali ba shi da dalilin komawa.

Haka nan ta dubi rayuwar mutane da idon basira. Mai iyali da yawa da ke fama da neman gidan haya, wanda mai gida zai iya ba shi wa'adin tashi, wanda kuma ke zuba kuɗin haya shekara da shekaru bai mallaki ko tubali ɗaya ba, yana cikin ƙunci na gaskiya. Malamin da ke zaune a gidan gado bai kamata ya raina wannan ƙunci ba. Sai dai tausayi daban, hujja daban.

Hujja ta farko: buƙata a matsayin larura

Ƙa'idar tabbatacciya ce, Suyuɗi ya kawo ta a al-Ashbah wan Naza'ir. Abin tambaya shi ne irin haramcin da buƙata ke iya ɗagawa. Malaman usulu sun bambanta abin da aka haramta don kansa, wanda larura kaɗai ke halatta shi, da abin da aka haramta don toshe kafar ɓarna, wanda buƙata ma tana iya halatta shi. Majalisar ta san da wannan, shi ya sa ta ce cin riba shi ne haramun don kansa, ciyar da ita kuwa an haramta shi ne don toshe kafa, kamar rubuta ta da yi mata shaida.

A nan rauni na farko yake. Rabe-raben da Ibnul Ƙayyim ya yi a I'ilamul Muwaƙƙi'in tsakanin nau'o'in riba ne: bayyananniya, wato ribar jinkiri, wadda aka haramta don kanta, da ɓoyayya, wato ribar fifiko, wadda aka haramta don toshe kafa. Saboda haka ne aka yi rangwame a cinikin araya, inda ake musanya ɗanyen dabino a kan bishiya da busasshe bisa kintace. Bashin gida kuwa ribar jinkiri ce tsantsa. Ɗauko wannan rabe-rabe daga nau'o'in riba a ɗora shi a kan ɓangarori biyu na kwangila guda yana buƙatar dalili mai zaman kansa. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya haɗa mai cin riba da mai ciyar da ita da marubucinta da shaidunta biyu a la'ana ɗaya, ya kuma bayyana cewa daidai suke. Gaskiya ne malamai sun yi wa wanda larura ta tilasta wa cin bashin ruwa uzuri, ba su yi wa mai bayarwa ba. Amma uzurin larura suka ambata, irin ta mai tsoron halaka ko cuta mai tsanani.

Rauni na biyu shi ne cakuɗa buƙatar matsuguni da buƙatar mallaka. Aya ta 80 a Suratun Nahli ta ambaci gidaje a matsayin wurin natsuwa cikin ni'imomin Allah, kuma babu mai musun cewa matsuguni larura ne. Amma haya tana biyan wannan larura ga mafi yawan mutane, ko da da ɗan takura. Wanda ya rasa gidan haya da zai ɗauki iyalinsa, ko hayar ta fi ƙarfinsa ƙwarai, hukuncinsa na musamman ne, mufti zai dube shi shi kaɗai. Fatawar kuwa ta buɗe ƙofa ga duk wanda ba shi da gida kuma ba shi da kuɗin saye lakadan, wanda shi ne halin galibin mutane. Idan togiya ta haɗiye mafi yawan waɗanda hukunci ya shafa, ta daina zama togiya. Maganar Imamul Haramaini al-Juwaini a Giyasul Umam, cewa buƙatar jama'a tana zama kamar larurar mutum guda, ya yi ta ne a kan zamanin da haram ya game ƙasa har aka rasa hanyar halal. Inda haya ke samuwa, wannan siffa ba ta cika ba.

Hujja ta biyu: mazhabar Hanafiyya

Wannan ra'ayi ya saɓa wa jamhuru, wato Malik da Shafi'i da Ahmad, har da Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa. Ruwayar Makhul da aka dogara da ita mursala ce, Shafi'i ya ce ba ta tabbata ba. Amma ko da an sallama ingancin ra'ayin, sharuɗɗansa biyu ba su cika a nan ba.

Sharaɗi na farko shi ne a kasance a darul harbi. Illar hukuncin a wurin Hanafawa ita ce dukiyar ɗan darul harbi ba ta da kariya a asali, don haka Musulmi na iya karɓarta da yardarsa ba tare da yaudara ba. Majalisar kuwa an kafa ta ne a kan fahimtar cewa Musulmin Turai 'yan ƙasa ne masu alkawari da amana, kuma ba ta kallon Turai a matsayin gidan yaƙi. Ba ya yiwuwa a ƙi sunan da illarsa, sannan a riƙe hukuncin da aka gina a kansu.

Sharaɗi na biyu shi ne ƙarin ya koma hannun Musulmi. Ibnul Humam ya bayyana a Fathul Ƙadir cewa abin da malaman mazhabar ke nufi ke nan. A bashin gida kuwa Musulmi ne mai biyan ƙarin. Majalisar ta amsa da cewa shi ne mai cin gajiya a ƙarshe, tunda gidan zai zama nasa. Wannan hasashe ne a kan abin da zai faru cikin shekara 25, ba siffar kwangila ba ce. Rikicin bashin gidaje da ya ɓarke a Amurka a 2007 da 2008 ya raba miliyoyin iyalai da gidajensu bayan darajar gidajen ta faɗi ƙasa da bashin da ke kansu. A Birtaniya, babban bankin ƙasar ya ɗaga ma'aunin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023, biyan wata ya yi wa masu bashi da yawa tsalle. Ba a gina halacci a kan nasarar da ba ta da tabbas.

Akwai kuma rashin jituwa tsakanin hujjojin biyu. Idan ra'ayin Hanafawa ne madogara, babu dalilin taƙaita halaccin ga gidan zama na farko, domin su ba su shardanta buƙata ba. Idan kuwa buƙata ce madogara, babu dalilin taƙaita shi ga ƙasashen da ba na Musulmi ba, domin talakan Alƙahira ko Kano ma yana buƙatar gida. Kowace hujja tana rushe iyakar da ɗayar ta gindaya. Dakta Salah al-Sawi ya yi raddi mai tsawo a kan fatawar, yana mai jan hankali ga haɗarin buɗe wannan ƙofa.

Sharaɗin da ake mantawa

Fatawar ta rataya halacci a kan rashin mafita, kuma abin da aka halatta don uzuri yana ɓaci da gushewar uzurin. Tun a Maris 1990, Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a ƙudurinta mai lamba 50 a Jidda, ta haramta bashin gidaje mai ruwa, ta kuma jera hanyoyin halal: rance marar ruwa daga gwamnati, gina gidaje a sayar da su bisa biya kaɗan-kaɗan, da kwangilar istisna'i. Bayan 1999 al'amura sun sauya. A 2003 Birtaniya ta soke biyan harajin sayen gida sau biyu da ke tsauwala wa tsarin Musulunci, a 2004 aka buɗe Bankin Musulunci na Birtaniya, wanda yanzu ake kira Al Rayan. A wannan shekarar ce Majalisar Fiƙihu ta amince da musharaka mutanaƙisa a zamanta na Maskat, wato banki da mai saye su yi tarayya a gidan, mai saye ya riƙa biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya mallake shi duka.

Waɗannan hanyoyi ma ba su tsira daga suka ba. Sau da yawa sun fi tsada, ana auna hayarsu da ma'aunin ruwan kasuwa, wasu kuma suna ɗora wa mai saye dukan ɗawainiyar gyara da inshora alhali bankin yana ikirarin shi abokin tarayya ne. Wajibi ne mai saye ya bincika: shin bankin ya mallaki kasonsa da gaske? Idan gidan ya rushe ko darajarsa ta faɗi, za a raba asarar gwargwadon kaso? Me zai faru idan an yi jinkirin biya? Amma tsadar halal ba ta mayar da shi tamkar babu shi, matuƙar ba ta kai ga abin da ba za a iya ɗauka ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ma'aikacin Nijeriya da ake cire wa kashi 2.5 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya tambayar malami ko ya halatta ya karɓi rancen asusun mai ruwa kashi 6. Mas'ala ce da ke buƙatar ijtihadin malamanmu bisa yanayinmu. Fatawar Dublin ba za ta amsa ta ba, domin hujjarta ta biyu ba ta hau kan ƙasar da Musulmi ke da rinjaye a yankuna da yawa ba, ga shi kuma bankuna marasa ruwa suna aiki a ƙasar tun da Jaiz ya buɗe a 2012.

Kammalawa

Fatawar Dublin ijtihadi ne na malamai masu daraja, muna fatan Allah Ya ba su ladansa. Amma abin da hujjojinta za su iya ɗauka shi ne uzuri ga mutum ayyananne da ya rasa haya mai dacewa kuma ya rasa mafita ta halal, bayan mufti ya binciki halinsa. Mayar da ita izini na gama-gari, ko ɗauko ta zuwa wata ƙasa, ya wuce abin da dalili ya bayar. Masu ganin haramci kuwa akwai nauyi a kansu, domin cewa haramun ne bai ishi mai iyali matsuguni ba. Raya waƙafi da asusun taimakon juna da rance marar ruwa, tare da sa ido a kan kwangilolin bankunan Musulunci, su ne za su tabbatar da cewa uzurin ya kau da gaske. Allah ne Mafi sani.