Yakubu, Garba da Rilwanu: Yadda Suna Ke Tafiya Daga Harshe Zuwa Harshe

Duk wanda ya zauna a birnin Bauchi, ko da na ɗan lokaci ne, ba zai rasa lura da yawan masu amsa sunan Yakubu ba, domin tun da Malam Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa kuma almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓo tuta ya kafa garin a shekarar 1809, sunan ya zama tamkar gādon gari, har sarakuna uku suka yi sarauta da shi, ana kuma yi wa birnin kirari da Bauchin Yakubu. Amma sunan ba na Hausa ba ne, ba na Gerawa ba ne, hasali ma ba na Larabawa ba ne. Malaman nahawu sun daɗe da bayyana cewa sunayen annabawa, in an ɗebe Hudu da Salihu da Shu'aibu da Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare su, duk na ajamawa ne, shi ya sa ɗalibi yake tarar da Ya'aƙubu a sahun sunayen da ba su karɓar tanwini. Tushensa Ibrananci ne, inda ake danganta shi da dunduniya, watau wanda ya biyo baya. Da yake kuwa Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, saiwar tana nan cikin kalmar aƙiba, wadda malamai ke nufin ƙarshen al'amari da ita.

Daga ƙasar Sham sunan ya kama hanya biyu. Ɗaya ta bi Alƙur'ani mai girma ta ƙetaro Sahara da fatake da malamai, Bahaushe ya sassauta harafin ainun da ya yi masa nauyi a maƙogwaro, ya riƙe rufu'ar ƙarshe domin harshensa ya fi son kalma ta ƙare da wasali, kamar yadda ya yi wa Adamu da Umaru da Sa'adu. Ɗayar kuma ta bi ta Girka da Rum, ta zama Jacques a Faransa, Giacomo a Italiya, Jacob da James a Ingila, har ta kai wanda bai bi sawunta ba zai rantse babu dangantaka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne a ƙasarmu hanyoyin nan biyu suka sake gamuwa, domin lokacin da 'yan mishan suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ba su shigo da James ba, sai suka ɗauki sunan da suka tarar a bakin mutane. Ta haka aka sami Yakubu Gowon, aka kuma sami Yakubu Dogara na Bogoro, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, dukansu Kirista, suna amsa suna ɗaya da wanda ya gina ganuwar Bauchi. A ƙasar da ta ɗanɗani ɗacin fitinar addini, wannan tarayya ba abin rainawa ba ce. A wani wurin kuwa hanyoyin ba su gamu ba, shi ya sa Yahaya da Yohanna suke zaune maƙwabtan juna, alhali mutum ɗaya suke tunawa.

Sunan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin birnin Bauchi, ya nuna wata irin tafiyar. Abubakar alkunya ce ta Halifa na farko, wanda sunansa na yanka Abdullahi, kuma kalmar bakar a Larabci ɗan saurayin raƙumi ce. Sai dai babu uban da ke tuna raƙumi a ranar suna, gaskiyar Siddiƙu yake roƙa wa ɗansa. A nan ne na ga waɗanda ke neman ma'anar suna cikin ƙamus kaɗai suna yin tuya su manta da albasa, domin a wurinmu ma'anar suna tana ga wanda ya fara ɗaukarsa. Bahaushe ya ce Garba ko Habu, Bafulatani ya ce Buba, Babarbare ya ce Bukar, Bayarabe ya ce Bakare, mutumin Senegal ya ce Babakar, kowa ya lanƙwasa shi daidai harshensa ba tare da albarkar da ake nema ta ragu ba.

Akwai kuma sauyin da ya fito daga allo. Malamanmu na zaure sun gāji furta harafin ladi kusa da lam, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da farilla, kuma wannan ƙa'idar ce ta ba mu Murtala, ta mai da sunan mai tsaron Aljanna, wanda ma'anarsa yarda, ya zama Rilwanu, sunan da Sarkin Bauchi Rilwanu Sulaimanu Adamu ya hau karaga da shi a 2010.

Ranar suna, bayan liman ya raɗa, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta, an yanka rago, an raba goro, wanzami ya yi aski, sai sunan ya shiga cikin gida, inda kunya take jiransa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar ɗa ba ta faɗin sunan surukinta, don haka yaron da aka mayar wa sunan kakansa sai ya tashi ana kiransa Abba ko Baba, Ibrahim ya koma Halilu, Yusufu ya koma Maitama, Usmanu ya koma Shehu. Ina jin takaicin yadda wasu iyayen zamani ke ƙyamar Garba da Iro da Mamman, suna ganinsu kamar gurɓataccen Larabci, suna kuma tsinto wa 'ya'yansu kalmomi daga cikin Mus'hafi saboda daɗin amo kawai, ba tare da sun tambayi malamin unguwa abin da kalmar ke nufi a cikin ayar da aka ciro ta ba.