Ƙananan Injinan Tarbo Ba Su da Haƙurin Na Da

A 1975, da kamfanin Porsche ya fito da 911 Turbo, da gangan injiniyoyinsa suka sassauta matsin fistin zuwa 6.5:1. Wato iskar da ta cika silinda sau shida da rabi kacal ake matse ta kafin fulogi ya ƙyasta wuta. Dalilin kuwa, hayaƙin salansa ne ke juya farfelar tarbo, ita kuma ta ɗura ƙarin iska cikin silinda, iskar da ta riga ta ɗau zafi saboda dannewa. In fistin ya sake matse ta da ƙarfi, ragowar man da ke cikin silinda kan kama wuta da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa tana iya fasa fistin. BMW 2002 Turbo ta 1973 ma a 6.9:1 ta tsaya, shi ya sa motocin zamanin suke da nauyin jiki kafin tarbo ya farka, sannan su zabura babu sallama.

Yanzu yayi ya juya. Injin EcoBoost da Ford ya sa wa Focus a 2012 silinda uku ne, lita ɗaya, amma matsinsa 10:1, ƙarfinsa har doki 125. Nissan ya ƙera VC-Turbo, mai sauya matsinsa tsakanin 8:1 da 14:1 mota na tafiya. Fesa mai kai tsaye cikin silinda, da sanyaya iska kafin ta shiga, da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta sa kwamfuta ta jinkirta wuta, su suka ba da wannan dama.

Aikin ya yi kyau, ba gardama. Sai dai rarar da tsohon inji ke da ita an cinye ta.

Nan ne sabon yayin taɓa kwamfutar mota don a ƙara wa tarbo iska ya zama ganganci. Wanda ya ƙara iska bai rage matsi ba, bai kuma samo fetur mai jure matsi ba, ya kai injin bakin rami. Balle motar da aka tsara don Turai ta biyo ta Kwatano ta sauka Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga fetur ɗin bumburutu da ba a san asalinsa ba. Kwamfuta za ta yi ta ja da baya don ceton injin, mai motar ya ga tana shan mai kuma ba ta ja, ya ɗora wa makanike laifi.

Hatta baƙin mai ya shiga lissafi. Ƙananan injinan tarbo na yanzu kan kama wuta kafin lokaci in an taka totur da ƙarfi inji na juyawa a hankali, kuma wani nau'in baƙin mai na ƙara jawo haka. Don magance shi aka fito da ma'aunin API SN Plus a 2018, da SP a 2020, waɗanda ake rubutawa a bayan galan.