Ba Yawan Rassa Ake So Ba, a Iya Karatu

Jama'a, akwai wani abu da ya zama yayi a ƙungiyoyinmu na sa-kai masu koyar da manya karatu da rubutu. Da zarar aji ɗaya ya ɗan kankama a cikin garin Kwali, sai ka ji ana maganar buɗe reshe a Yangoji, wani a Dafa, wani a Kilankwa. A kafa rumfa, a gayyato mai unguwa, a ɗauki hotuna a zuba a Facebook. Bayan wata uku ka leƙa, wallahi sai allo da ƙura. Niyyar mai kyau ce, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Magidanci mai shekara 50 ya cire kunya ya zauna kan benci yana koyon a, ba, ca. Idan malami ya ɓace masa bayan sati shida, ba zai ce ƙungiya ce ta gaza ba, cewa zai yi kansa ne ba ya ja. Wannan mutumin an rasa shi ke nan, ko wa ya zo da sabon aji gobe.

Magabata ba haka suka yi ba. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya tafi ne tare da hukumar NORLA a Zariya, wadda ta riƙa buga ƙananan littattafai don wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa. Gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa wa ilimin manya hukuma sukutum a Kano a 1980, har UNESCO ta karrama ta. Tsari ne ya yi aikin.

To, me ya kamata a cika kafin a ce an buɗe reshe? Na farko, malamai biyu mazauna wurin, waɗanda aka horar. Kowa ya san ɗan bautar ƙasa baƙo ne, shekara guda ya tafi. Na biyu, malama mace ga ajin mata, in ba haka ba matan aure ba za su fito ba. Na uku, a zauna da ɗaliban a tsara lokaci. Nan garin noma ne. Ajin da ya yi karo da damina ko ranar kasuwa ya mutu tun kafin a haife shi. Na huɗu, a daidaita harshen koyarwa tun farko, domin maƙwabtanmu Gbagyi da Bassa ba dole ne su so farawa da Hausa ba. Haka kuma wanda ya yi makarantar allo yana karanta ajami, kada a kira shi jahili, a ɗora masa boko a kan abin da ya sani. Na biyar, kuɗin alli da littattafai na shekara guda su kasance a hannu, a kuma sanar da sashen ilimin manya na Babban Birnin Tarayya, don takardar shaidar ta yi daraja.

Sannan uwar ƙungiya ta daina ƙirga rassa a taron shekara. Ta faɗa mana mutum nawa ne yanzu ke karanta takardar asibiti da saƙon banki a wayarsu ba tare da sun nemi yaro ba. Reshen da bai cika sharuɗɗan nan ba ya dakata tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya sa mu gyara.