Katin Biki na Hannu, da Zayyanarmu ta Gida

Da aka sa ranar auren ƙanwata, Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai boko, maganar kati tana wuyanka. Amma kuɗin goro kada ka taɓa shi." Na shiga kasuwar Kilomita Biyar ta nan Bangi na tambayi kuɗin bugawa a shago biyu, na komo gida jikina a sanyaye. Abin da aka yanka mini ya kusa kuɗin buhun shinkafar walima.

Ban ga laifin masu shagon ba. Takarda da tawadar inji daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke zuwa, tafiyar fiye da kilomita 1,400 ta Garwa-Bulai da Buwar kafin su iso Bangi. Duk wanda yake garin nan a Disambar 2020, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar, manyan motoci suka yi makonni cirko-cirko a kan iyaka, ya san yadda kaya ke tashi. Ga ɗaukewar wuta, ga kuɗin man janareta.

Sai muka yi da kanmu. Na sayi takarda mai kauri, wadda ake kira biristol, falle 50, kowanne aka yanka shi huɗu, kati 200 ke nan. Wani gardi a makarantar allon unguwarmu, mai yi wa masu sauka zayyana, shi ya zana gefen da alƙalaminsa da baƙar tawada. Muka kai aka yi fotokwafi, ƙawayen amarya suka zauna a tsakar gida dare uku suna cike zanen da ja da ɗorawa. Ragowar takardar aka naɗe alewa da dabino da ita.

Ba mu kaɗai ba ne. Samari da 'yan mata da yawa yanzu a waya suke tsara katinsu, su buga kaɗan, su yi ambulan da hannu, har da 'yar takardar da ake liƙa wa robobin rabo. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Gidan da ya tashi daga gobara da gudun hijira bai kamata ya ci bashi saboda takardar da za a karanta sau ɗaya ba, kuma kasuwar nan ta ga wuta, ko a Disambar 2019 shaguna da dama sun ƙone.

Abin da ke damuna shi ne zanen. Yaro zai buɗe Canva ya ɗauko abin da ya tarar: zobba biyu, farar kurciya, furen da ba ya tsira a ƙasar nan, wani lokacin har da kofunan shampen, a kan katin ɗaurin auren da liman zai halarta. To me ya yi zafi? Muna da dagi. Muna da aska takwas ta gaban babbar riga, wadda maɗinkanmu suka ƙware a kanta tun da daɗewa. Muna da zanen lalle da kowace mai ƙunshi ta haddace, ga zayyanar allo mai kusurwoyi da da'irori, wadda kamar don gefen kati aka ƙirƙiro ta. Duk wanda ya karɓi katin ƙanwata sai da ya juya shi ya tambayi wanda ya zana, gardin nan kuwa ya samu aikin biki biyu a bayanmu. Kuɗin da ya shiga aljihunsa a unguwa ya tsaya.

Akwai kuma maganar sa aya a kati. Tun da muka zama masu tsara katinmu, hakkin ya dawo kanmu. Kowa ya san inda kati ke ƙarewa bayan biki: ƙasan tabarma, bakin kwata, hannun mai ƙosai. A bar ayar Alƙur'ani a inda ake girmama ta. Sunan iyalai biyu, rana, lokaci da wuri sun wadatar.

Wani zai ce a daina katin mana baki ɗaya, ga WhatsApp. Ga 'yan uwanmu da rikicin 2013 da 2014 ya watsa Njamena da Garwa-Bulai da sauran garuruwan Cadi da Kamaru, hoton kati a waya rahama ne, mu ma haka muka aika musu. Amma wanda kuke gari ɗaya da shi, ƙafa yake so. Kakanninmu da goro suke gayya, mutum ya shiga gida ya yi sallama ya durƙusa ya miƙa. Kati ɗan rakiyar goro ne, shi ya sa Gwaggo ta hana a taɓa kuɗinsa.

Namu katin da harshe uku muka rubuta shi: Faransanci, Sango, da Hausa cikin ajami saboda tsofaffi. Sangon nan da gangan na sa. Akwai shekarun da maƙwabtanmu Kiristoci ba sa iya shigowa Kilomita Biyar, mu ma ba ma iya fita, har zuwan Fafaroma Francis babban masallacin Kuduku ran 30 ga Nuwambar 2015 ya zama labarin duniya. Na ɗauki kati goma na kai wa abokan aikin mahaifinmu a unguwanninsu, hannu da hannu. Bakwai sun zo walima.

Ƙannena, idan bikinku ya taso, ku sayi takardarku ku yanka da kanku, ku nemi mai zayyana ko mai ƙunshi a unguwa ku biya shi hakkinsa, sannan ku taka ku kai wa mutane har gida, da goro a hannu.