Wa ake dubawa, malami ko yara?

In ɗalibin makarantar horon malamai ya fita sitaj, mai duba shi yakan zauna a bencin baya da takardar maki a hannu. Sau da yawa abu biyu ke gabansa: Faransancin sitajiye ya fita tsaf? Ya bi fish ɗinsa daki-daki? Ba safai yake buɗe kayen yara ba.

To ƴan'uwa, yaron ajin CI a Tasawa da Hausa ya zo lakwal. Sitajiye ya san haka sarai, amma tsoron maki ya hana shi fassara ko kalma guda. Sai ya sa yara su yi ta maimaita jimla kamar aku, a ce darasi ya yi kyau. Da wannan halin zai kama aiki a ƙauye.

Alhali tun 1973 aka soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji.

Mai dubawa, kafin ka rubuta maki, kira yara uku ka tambaye su da Hausa abin da suka gane. Amsarsu ce makin sitajiye.