Tubali da Jaka: Tarken Wasan Minecraft

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin wasan kwamfuta a mujallar da aka saba feɗe waƙa da ƙagaggen labari. Hujjata ita ce, duk abin da ɗan Adam ya ƙaga, ya shimfiɗa masa ƙa'idoji, har jama'a suka shagala da shi, ba ya rasa jigo da salo, don haka ya cancanci a ɗora shi a faifan nazari. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fara fitar da wasan Minecraft a shekarar 2009, aka kammala shi a 2011. Kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin Mojang mai wasan a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma ya zuwa 2023 an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Wannan maƙala za ta dubi abubuwa biyu kacal a cikinsa, watau tubalan gini da jakar kaya, domin a nan ne maƙagin wasan ya ɓoye saƙonsa.

Tubali a Matsayin Kalma

Minecraft yana cikin rukunin wasannin da za a iya kira wasan ƙasa, domin kamar yadda yara kan zauna cikin yashi su gina abin da suka ga dama, haka mai wasan yake. Ba a ba shi tauraron da zai bi, ba a kuma tilasta masa zaren labari. Duniyar da aka jefa shi ciki an gina ta ne da tubala masu siffar akwati, kowane ɗaya mita guda a tsawo da faɗi da tsayi. Ƙasa da dutse da yashi da itace da tama duk tubala ne, ana iya ciro su a ɗora a wani wuri.

Ke nan tubali a wannan wasa tamkar kalma ce a hannun marubuci. Shi kaɗai ba ya cewa komai, sai an jera shi da 'yan'uwansa. Yana kuma da nahawunsa. Alal misali, yashi da tsakuwa sukan zubo idan aka cire abin da ke ƙarƙashinsu, amma idan aka sare gindin bishiya sai sauranta ta tsaya cak a sararin sama. Mai neman hoton rayuwa zai kira wannan aibi. A ganina salo ne, irin na tatsuniya, inda dabba kan yi magana ba wanda ya musa, muddin dai ba a saɓa ƙa'idar a tsakiyar tafiya ba. Abin sha'awa, a 2022 an ƙara tubalin laka, wanda ake samu ta cuɗa laka da alkama. Duk wanda ya taɓa ganin maginin gargajiya yana kwaɓa ƙasa da ciyawa zai gane inda aka dosa.

Jaka a Matsayin Karin Waƙa

Jakar mai wasa tana da gurabe 36 na zuba kaya, 9 daga cikinsu suna kusa da hannu. Gurbi ɗaya yakan ɗauki tubali 64 iri ɗaya, ƙwai kuwa 16 kawai, diga ko takobi kuma kowanne gurbi guda yake cinyewa. Wannan iyaka ita ce ƙashin bayan wasan. Mai shiga rami neman tama dole ya zauna ya yi lissafi: abinci nawa, fitila nawa, gurbi nawa zai bari don abin da zai samo. Idan ya mutu a can, kayan nan duk su warwatse, in bai koma ya kwashe su cikin minti 5 ba su ɓace. Daga nan ne fargaba da nadama da murna suke fitowa, ba tare da an rubuta masa ko jimla ɗaya ba.

Har wa yau, kayan suna da tsani da ba a tsallakewa. Gungume ɗaya yakan ba da katako 4, katako 4 su zama teburin sassaƙa, a kansa a haɗa digar katako. Da ita ake fasa dutse, da digar dutse ake ciro tama, da digar ƙarfe kuma ake kaiwa ga lu'ulu'u. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daɗin daɗawa, kowace diga tana da iyakar kwananta: ta katako takan karye bayan sara 59, ta ƙarfe bayan 250. Dare kuma yakan zo da dodanninsa, ga shi yini da dare duka minti 20 ne.

Za mu ƙara fahimtar amfanin wannan ƙunci idan muka dubi ɗaya fasalin wasan, wanda ake kira na ƙirƙira, inda jaka ba ta ƙarewa, mutum ba ya jin yunwa. An yi manyan gine-gine da shi, kamar ɗakin karatun da ƙungiyar kare 'yan jarida ta Reporters Without Borders ta buɗe a cikin wasan a 2020. Sai dai gini ake samu a nan, ba labari ba, domin inda babu abin da za a rasa babu warwarar jigo. Haka mawaƙin da ya ɗaure kansa da kari da amsa-amo yakan tace kalmominsa fiye da wanda ya saki linzami.

Inda Gizo ke Saƙa

Duk da wannan yabo, jakar tana da wani darasi da ba na so a haɗiye shi ba tauna. A idonta, darajar kowane abu ita ce ya shiga gurbi. Dutse kayan gini ne, tunkiya ulu ce da nama, daji katako ne. Mutum ɗaya yana iya yawo da tubalin dutse 2,304 bai ji nauyi ba. Ƙasar kuma ba ta da mai ita. Mai wasa kan shiga ƙauye ya buɗe akwatunan mazauna wurin, ya girbe gonarsu, ba wanda zai ɗaga masa murya. Gaskiya ne ana iya dasa bishiya a madadin wadda aka sare, kuma a 2020 an ƙara wasu halittu da kan fusata idan aka taɓa zinariyarsu. Amma waɗannan ba su sauya ginshiƙin wasan ba: baƙo ya iso, ya tarar da ƙasa, ya ɗebe. Ɗalibin da ya karanta tarihin mulkin mallaka ba ya bukatar a faɗa masa inda ya taɓa jin irin wannan labari.

Naɗewa

A taƙaice, Minecraft ya yi nasara ainun ta fuskar zubi da tsari, amma ya yi rauni ta fuskar jigo, domin ya koyar da tattalin abin da ke cikin jaka, ya yi shiru a kan haƙƙin wanda aka ɗebo daga wurinsa. Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, darasin biyu ne. Na farko, kada a raina ƙa'ida, domin ita ke tilasta zaɓe, zaɓe kuwa shi ne fasaha. Na biyu, aikin adabi yakan yi magana ta hanyar tsarinsa ko da bai furta komai ba, saboda haka wajibi ne mai tarke ya riƙa leƙa jakar marubuci, ya ga abin da ya ɗauka, da kuma wurin wanda ya ɗauko shi.